Wardin Shekarar Sanyi

Aikin hajji na je yi, na ƙi dawowa. Ranar da jirginmu zai tashi na ɗauki jakata, na bi ta bayan masaukin alhazai, na shige cikin Jidda. Daga ranar na zama takari, wato mai zama ba takarda. Ba iƙama, takardar zama ke nan, ba kafili mai tsaya min, ba Larabci sai na salla.

A unguwar Karantina na fara zama. Ɗaki ɗaya, mu da yawa, kowa jakarsa ce matashin kansa. Wani ɗan ƙasarmu mai fara'a ya karɓi fasfona ya ce zai yi min iƙama. Ban sake ganinsa ba, ban sake ganin fasfon ba. Ban yi kuka ba. Na dai koyi cewa a Jidda, wanda ya fara tarar ka da Hausa mai daɗi, shi za ka fara tsoro.

Daga nan na gangara Khumra, can kudu inda manyan sito suke. Dako na kama. Buhunan shinkafa, kwalayen sabulu, tayoyin mota. Zafin garin ba irin namu ba ne. Namu yana ƙona ka ya bar ka a bushe, nasu kuwa kamar an lulluɓe ka da jiƙaƙƙen bargo. Da safe wake da gurasa, da rana wake da gurasa. Abin da na fi kewa ba mutane ba ne. Ƙanshin ƙasa ne in an yi ruwan farko, da miyar da aka sa wa daddawa.

A nan na haɗu da Ammi Bakur. Direban babbar mota ne, haifaffen Jidda. Kakansa ne ya zo da ƙafa daga ƙasar Hausa, ya biyo ta Sudan. Hausarsa rabi Larabci ce, sai ka kasa kunne kafin ka tsinci taka a ciki. Wata rana zazzaɓi ya kayar da ni da buhu a kai. Mai kula da sito ya ce a ja ni waje, kada marar takarda ya mutu masa a ciki. Ammi Bakur ya ɗauke ni ya sa a gaban motarsa, ya kai ni gidansa a unguwar Madain Fahd. Matarsa ta dama min kunu. Da na farfaɗo na gan shi zaune a kaina da kofin shayi.

"Ya walad," ya ce, "kai wane irin mutum ne? Tun Khumra nake jira ka ce wayyo, ba ka ce ba."

Na ce, "In na ce, zai rage ne?"

Ya yi dariya har shayin ya zube masa a riga. Tun daga ranar nake ce masa Ammi, wato baffa, shi kuma bai taɓa kiran sunana ba. Sunana Idi, amma a bakinsa ya walad nake, wato yaro, har na yi furfura.

Shi ya haɗa ni da Saude. 'Yar Maigatari ce, ta zo umara da mijinta, Allah ya yi masa rasuwa a Makka, ta zauna tana wanki da guga a gidajen Larabawa. Ammi bai yi dogon bayani ba.

"Kai ba ka magana, ita ba ta shiru. Halas, kun dace."

Ranar ɗaurin aure ya ba ta wata 'yar kwalba, ba ta kai ƙaramin yatsa ba, da tsinken gilashi a jikin murfin. Wardin Ɗa'ifa ne, man furen da ake nomawa a kan duwatsun can. Ya taɓa yi wa masu gona a can tuƙi, su suka ba shi. Da Saude ta buɗe, ɗakin ya yi tsit. Ƙanshi ne mai nauyi, kamar zuma, ba ya hawa kai, zama yake yi a ƙirji.

Ba ta shafa shi sai ranar Juma'a. Tsinke ɗaya, bayan kunne, ta rufe, ta mayar cikin gwangwanin madara inda take ajiye allura da zare. Nakan ce mata turare aikin marasa aiki ne.

"Shi ya sa kake warin buhu, Alhaji," in ji ta.

Allah ya ba mu haihuwa sau biyu, ya karɓi abinsa sau biyun. A Jidda suke kwance. Dukansu da wardin nan ta shafa musu likkafani. Ban da wannan ba ta taɓa ba wa kowa ko ɗigo ba.

Daga baya na bar dako, na samu aiki a wata masana'antar roba a Madinar Masana'antu. Saude kuma ta bar wanki, ta koma kasa gyaɗa da ƙuli-ƙuli a bakin kasuwa tare da wasu mata. Wani hantsi motar jawazat, masu kamen marasa takarda, ta tsaya a kansu. Masu ƙafa suka gudu. Ita ta tsaya kwashe faranti. Na dawo daga aiki na tarar da wake a jiƙe cikin tukunya, ba kowa. Aka kai ta tarhil, gidan da ake tara waɗanda za a mayar, daga can aka sa ta a jirgin Kano da zanen da ke jikinta.

Ni na zauna. Na ce shekara ɗaya, in tara abin gina ɗaki in bi ta. Shekara ta wuce, wata ta bi bayanta. In na tara, ciwo ya ci, ko aiki ya tsaya, ko a yi kame mu ɓuya. Ba na son in koma hannu biyu. Haka na yi ta zama.

Daga ni har ita ba mai karatu, saboda haka kaset muke aika wa juna ta hannun alhazai da 'yan umara. Nata a cike yake zuwa, gaba da baya. Wanda ya mutu, wanda ya haihu, kuɗin gero, akuyar da ta ɓata. Nawa kuwa gaisuwa ce, sai ina lafiya, sai a gaida mutane. Ta taɓa cewa, "Alhaji, kaset ɗinka na saurara har ƙarshe. Na gode wa fankarka, ta fi ka hira."

Gwangwanin madarar yana nan inda ta bar shi. Wata Juma'a na dawo daga masallaci, ɗakin ya yi min faɗi, na buɗe kwalbar na shinshina na rufe. Juma'a ta gaba na sake. Daga shinshinawa na koma shafawa. Tsinke ɗaya. Abokan aiki suka fara min tsiya, wai Idi ya yi budurwa. Na ci gaba da shafawa. Ban kuma lura da yadda man yake sauka ba, sai ranar da na zaro tsinken a bushe.

Ana cikin haka kaset ya zo, gab da aikin hajji. Wannan karon ba labarin akuya. Muryarta a kwance.

"Alhaji, magana ta yi yawa a nan. An ce ka yi aure a Jidda. Yaya Hamisu ya ce da zarar alhazai sun dawo zai kai maganata gaban alƙali a raba auren. Ni ban gaskata ba, ban kuma ƙaryata ba. Kwalbar wardina tana cikin gwangwanin madara. Na san inda na bar man. Kai ba ka shafa turare, kowa ya sani. Ka ba alhazai su kawo min ita. In na gan ta yadda na bar ta, na san abin da zan gaya wa Yaya."

Na kashe rediyon na zauna. In na aika kwalba fanko, to wata mace ce ta shafe, ba wanda zai ce ba haka ba. Na sa sabon kaset, na danna, don in faɗa mata ni ne. Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Mutumin da ya shekara da shekaru yana cewa turare aikin marasa aiki ne. Ko na faɗa, wa zai yarda? Fanka ce kawai ta sake yin magana.

Sai na ce abu mai sauƙi ne. In sayi wardin Ɗa'ifa in zuba a kwalbar daidai inda ta bari. A tunanina duk abin da ya fito daga ƙasa mai tsarki kamar zamzam yake, na jiya da na yau ɗaya ne.

Na fara da wani mai talla a bakin kasuwar alhazai. Ya rantse asali ne, ya goga min a bayan hannu. A cikin hayaƙin motoci ya yi ƙanshi, na sayi kwalba ɗaya. Da na kai wa Ammi Bakur, lokacin ya tsufa ya daina tuƙi, yana kwance a kan dogon benci a ƙofar gida. Ya kai hanci ya kawar da kai.

"Ya miskin. Hancina ya mutu tun bara, amma wallahi ko ni na ji wannan sabulun wanka ne. Ka zuba a kwalbar Saude?"

"Ban zuba ba."

"Alhamdu lillah, akwai sauran hankali. Ka tafi Balad, tsohuwar kasuwa, bayan masu zinariya. Akwai wani tsoho Bahadrame, mutumin Yaman, shagonsa kamar akwati. Ka ce ni na aiko ka. Kuma ka sa riga mai kyau, lokacin kame ne."

Ya ara min farar jallabiyarsa. Ta yi min gajarta. Na shiga Balad ina tafiya kamar mai takarda, ina sauya hanya duk inda na hangi kaki. Na samu shagon. Tsohon ya ɗauko wata babbar kwalba daga cikin akwatin ƙarfe, ya ɗiga min rubu'in tola, awon masu turare, a ƙaramar kwalba, ya toshe. Abin da na tara na kwanon rufin ɗaki, shi na ajiye masa a kan tebur. Ban yi ciniki ba.

A gida na wanke hannu, na buɗe sabuwar, na buɗe tsohuwar. Na shinshina wannan, na shinshina murfin waccan. Ba ɗaya ba ne. Sabon yana da kaifi, kamar ɗanyar ciyawa da aka yanka, da ɗan tsami-tsamin lemo. Na Saude kuwa, ko a bushe, zumar tana nan. Na fita na sha iska na dawo na sake gwadawa. Ba ɗaya ba ne.

Washegari ban je aiki ba. Na koma Balad, wannan karon ko tsoron kaki ban ji ba. Na dire masa sabuwar kwalbar a kan tebur.

"Ka cuce ni, ya shaikh. Mai talla ya cuce ni, na ce ɗan titi ne. Kai da gemunka?"

Bai ɗaga murya ba. Ya ce in ba shi ta mai tallar ma. Ya haɗa su biyun ya sa a cikin ƙaramin firjin da yake sanyaya ruwa, ya nuna min kujera, ya zuba min shayi. Na ce ban zo shan shayi ba. Ya ce to in riƙe masa kofin. Na riƙe, har na shanye. Da ya fito da kwalaben, ya juya ta mai talla, man yana gudu kamar ruwa. Ya juya tasa, ya daskare kamar man shanu da sanyin safiya.

"Wardi na asali yana daskarewa," ya ce. "Ban cuce ka ba."

"To me ya sa ba iri ɗaya ba ne da wannan?"

Na miƙa masa kwalbar Saude. Ya zare murfin ya kai hanci, ya rufe ido. Ya daɗe a haka, har na ɗauka barci ya yi.

"Allah," ya ce a hankali. "A ina ka samu? Wannan na shekarar sanyi ne. A waccan shekarar sanyi ya daɗe a kan dutse, fure ya makara, ya fito kaɗan, amma man da ya bayar mai nauyi ne. Na bana zafi ya zo masa da wuri, ruwa kuma bai wadata ba. Ga shi sabo, bai kwanta ba. Naka ya shekara da shekaru a rufe."

"To ba ni na shekarar sanyin."

"Ya ƙare."

"Zan ƙara kuɗi."

"Ya akhi, ko me ka kawo, ba ni da shi. Ba wanda yake da shi. Shekarar ta wuce da abinta." Ya dube ni. "Me kuke nomawa a ƙasarku?"

"Gero. Gyaɗa. Riɗi."

"Gona ɗaya, iri ɗaya, hannu ɗaya. Gyaɗar bara da ta bana ɗaya suke a baki?"

Ni ɗan manomi ne. Na san shekarar da gyaɗarmu ta yi mai har ƙuli yana naso a takarda, na san shekarar da ta fito kamar tsakuwa. Ban taɓa kawo wa raina cewa Ɗa'ifa ma gona ce ba, ruwa yana yi mata gardama kamar tamu.

Na tambaye shi, in na zuba sabon a tsohuwar kwalba fa, ba zai ɗauki ƙanshin ba? Ya tambaye ni ta wace ce. Na gaya masa a taƙaice. Ya girgiza kai.

"Macen da ta shafa wannan a likkafanin 'ya'yanta, ba za ka ruɗi hancinta ba. Kada ka ɓata tsohuwar, kada ka ɓata sabon. Ka ajiye shi a duhu, zai kwanta, zai yi daɗi. Amma ba zai zama wancan ba."

Da zan fita ya naɗe min kwalaben biyu a auduga, ya jefa ta mai talla a kwandon shara. Bai karɓi kuɗin audugar ba, bai kuma bar ni na ba shi haƙuri ba.

Na koma wurin Ammi Bakur na mayar masa da jallabiya, na gaya masa yadda aka yi. Ya saurara yana jan carbi.

"In ka aika fanko, aure ya mutu," ya ce. "In ka aika sabo, aure ya mutu, kuma ka zama kazzab, maƙaryaci. Saura hanya ɗaya."

"In na tafi, Ammi, ba dawowa."

"Na sani, ya walad. Ni zan yi asara, ba kai ba. Wa zan samu in yi ta yi wa surutu yana kallona kamar bango? Yalla, tashi, kafin in canza magana."

Na durƙusa na riƙe hannunsa. Ya fizge ya juya fuska wajen bango, ya ce rana ta dame shi a ido. A inuwa yake kwance.

Na raba kayan ɗaki ga maƙwabta. Na je maƙabarta na tsaya a bakin katanga, don kaburburan can ba su da alama, ban san wanne ne nasu ba. Na yi musu addu'a gaba ɗaya. Na farke ƙugun wandona na ɗinke kwalaben biyu a ciki, da allurar Saude.

Mai son komawa gida ba takarda, ƙarƙashin wata gada yake zuwa ya zauna har jawazat su kwashe shi. Na tarar da mutane a can da kwalayensu, namu da na wasu ƙasashe. Abin dariya, na shekara da shekaru ina gudun motar nan, yanzu ga ni ina ɗaga mata hannu tana wuce ni. Wata mata 'yar Nijar tana dafa shinkafa a gwangwani tana raba mana, ba ta tambayi sunan kowa ba. Da aka ga dama aka kwashe mu. A tarhil aka caje jakata, aka zazzage ta, ba wanda ya taɓa ƙugun wando. Muna ciki alhazai suka gama aiki suka fara komawa. Kullum ina lissafin ko Yaya Hamisu ya riga ya je wurin alƙali.

Daga Kano ban biya garinmu ba, Maigatari na wuce. Na yi sallama a ƙofar gidan Yaya Hamisu da la'asar. Ya fito ya dube ni sama da ƙasa, ya amsa a daƙile, ya bar ni a tsaye a zaure, ko tabarma babu. Ya ce jibi ne zaman alƙali, na zo a kan gaɓa, sai in sake ta da bakina.

Sai ga Saude. Ta rame, ta yi duhu, goshinta ya yi layi. Ba ta gaishe ni ba. Ta miƙo hannu.

Na farke ɗinkin na ba ta tsohuwar. Ta ɗaga ta wajen haske, ta zare tsinken, ta ga a bushe.

"Wa ya shafe?"

"Ni."

Yaya Hamisu ya yi tsaki. "Ji wata magana. Wannan ne mai shafa turare? Saude, shiga gida."

Ba ta motsa ba. Idonta yana kaina.

"Yaushe kake shafawa?"

"Juma'a."

"A ina?"

"Bayan kunne. Tsinke ɗaya."

Ban taɓa ganin Saude ta yi shiru haka ba. Na miƙa mata sabuwar. Ta buɗe, ta kai hanci sau ɗaya.

"Ba shi ba ne."

"Ba shi ba ne. Wancan na shekarar sanyi ne, ya ƙare. Wannan na bana ne. An ce in ya daɗe zai kwanta."

Ta dube ni tun daga furfura har silifas, da kafaɗar da buhu ya karkatar.

"To ai kai ma ba na shekarar ba ne, Alhaji."

Ta zaro tsinken ta shafa a bayan kunne, ranar kuwa Talata ce. Ta juya wajen yayanta.

"Yaya, a ba shi tabarma mana. Mutum ya taso tun daga Jidda."

Ɗakin da na gina daga baya da zana na fara rufe shi, kuɗin kwano yana cikin kwalba. Ammi Bakur ya rasu bayan dawowata, wani ɗan umara ya kawo min labari. Wani lokaci in an yi zafi mai gumi nakan tuna Khumra, da bencin Ammi, da shayin Bahadramen da na ce ba zan sha ba.

Wardin ya kwanta, kamar yadda tsohon ya faɗa. Kaifin ya tafi. Saude ta ce har yanzu bai kai wancan ba, kuma ba zai kai ba. Yana cikin wani gwangwanin madara. Ranar Juma'a in ta shafa, sai ta miƙo min tsinken ba tare da ta dube ni ba. Ba na cewa komai. Karɓa nake yi.